Kalma Bakwai da Rantsuwa Ɗaya: Nazarin Yadda Na Ɓata Amincin Shekara Goma Sha Huɗu

Zan rubuta wannan lamari ne kamar yadda likita ke rubuta bayanin majinyaci: abin da ya faru, yadda ya biyo juna, abin da ya jawo shi, maganin da aka gwada, wanda ya yi aiki da wanda ya ƙara dagula ciwon. Bambancin kawai shi ne a nan ni ne cutar.

Ba zan ambaci sunan kowa ba. Kafin in saki rubutun ma sai da na kai wa mai lamarin ya karanta, ya soke wurare biyu da biro, ya ce sauran in yi yadda na ga dama. Da a shekarun baya ne, ko tunanin tambayarsa ba zan yi ba, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna irin mutumin da ake magana a kansa.

Yadda muke kafin abin ya faru

Tun muna makaranta muka haɗu. A lokacin da wannan abu ya faru mun shekara goma sha huɗu tare, har ta kai in an ga ɗaya sai a tambaye shi ina ɗayan. Wani malamin Jami'ar Kansas a Amurka, Jeffrey Hall, ya fitar da bincike a 2018 wanda ya ƙiyasta cewa mutum kan buƙaci kamar awa 50 tare da wani kafin su tashi daga sanin juna zuwa ƙaramar abota, da fiye da awa 200 kafin su zama aminai. Mu mun cinye awa ɗari biyun nan tun a zangon karatu na farko. Duk abin da ya biyo baya riba ce.

Halinmu bai zo ɗaya ba. Shi mutum ne mai zurfin ciki, wanda sai ya juya magana sau uku a ransa kafin ya furta rabinta. Ni kuwa a cikin abokanmu ni ne mai ba da dariya. In zama ya yi sanyi ni ake kallo. Wannan matsayi yana da daɗi, amma yana da haraji: kullum sai ka zo da sabon abu. Kuma mai barkwanci ba ya ƙirƙirar kayan aikinsa daga iska, daga rayuwar mutanen da ke kusa da shi yake tsinto su. Ban taɓa zama na lissafa wannan ba sai bayan da ta fashe.

Amanar da aka ba ni

Wata ranar da yamma ya rage mini hanya a motarsa. Da muka iso bai ce in sauka ba, ya kashe mota, ya yi shiru. Gilasai a rufe suke, ba kowa a kusa, amma duk da haka sai da ya waiga baya, ya dubi madubin gefe, sannan ya ce, "Mutumina, an sallame ni daga aiki. Yau kwana tara. Ko maman yara ba ta sani ba."

Rage ma'aikata aka yi a inda yake aiki, sunansa ya faɗo a ciki. Matarsa na da tsohon ciki, ga hawan jini, likita ya ja kunne a kan duk abin da zai tayar mata da hankali. Sai ya yanke wa kansa shawarar ya riƙe maganar har ta sauka lafiya ko ya sami wani aikin, duk wanda ya riga zuwa. Kowace safiya yakan shirya kamar yadda ya saba, ya fita a lokacin da ya saba, ya je wani ɗakin karatu ya zauna yana cike takardun neman aiki har lokacin tashi ya yi.

A ganina shawarar ba daidai ba ce, kuma na faɗa masa a cikin motar. Mace takan gane canjin mijinta ko bai yi magana ba, kuma ranar da ta sani za ta ji zafin ɓoyewar fiye da zafin rashin aikin. Ya saurare ni, ya ce ya ji, amma haka zai yi. Daga nan maganar ta ƙare a wurina, ko kuma ya kamata ta ƙare, don gidansa ne, matarsa ce, asirinsa ne.

Akwai abu ɗaya da daga baya na mayar garkuwa: bai ce mini "kada ka faɗa wa kowa" ba. Gaskiya ne, bai furta ba. Amma akwai hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi, cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar amana ce. Waigen nan da ya yi a cikin mota mai rufaffun gilasai ya fi kowace irin jan kunne ƙarfi. Na gani da idona, na kuma fahimta.

Michael Slepian na Jami'ar Columbia da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2017 da ya nuna cewa mutum, a matsakaicin lissafi, yana riƙe da sirri kamar 13 a lokaci guda, kuma biyar daga ciki bai taɓa faɗa wa kowa ba. Abin da ya fi jan hankalina a aikin nasu shi ne, ba ɓoye sirri a gaban mutane ne ya fi gajiyar da mai shi ba, yawan dawowar abin a zuciyarsa lokacin da yake shi kaɗai ne. Wato aminina ba labari ya ba ni ba. Kaya ne suka yi masa nauyi kwana tara, ya ce in kama masa gefe ɗaya.

Ranar katoɓarar

Bayan kamar mako biyu muna zaune mu shida, shi ba ya nan. Ana shirya zuwa duba wani abokinmu da ke kwance a asibiti, aka tsayar da safiyar Talata. Wani ya ce, "Wane fa ba zai samu zuwa ba, kun san wurin aikinsu ba sa ba da izini."

Sai na ce, "Ai shi yanzu kullum ranar hutu ce."

Kalma bakwai. Mutum biyu suka yi dariya, irin wadda ake yi kafin a gane abin da aka ji. Sai wurin ya yi tsit. Ɗaya ya ce, "Kamar yaya?" Na ce, "Wasa nake yi," na jawo wata hira. Amma duk wanda ya san ni ya san yadda fuskata take in wasa nake, kuma ba haka take ba a ranar.

Na daɗe ina kiran wannan suɓutar baki. Sunan yana da daɗin ji, don yana ɗora laifin a kan harshe, kamar wata dabba ce da ta tsinke igiya ba da sanin mai ita ba. Amma da na zauna na bi abin daki-daki, sai na tarar akwai ɗan tsakani, bai kai ƙiftawar ido biyu ba, tsakanin zuwan maganar a raina da fitarta. A cikin wannan ɗan tsakanin na san sirri ne. Na san bai kamata ba. Na kuma hango dariyar da za a yi, na ji daɗin cewa ni na san abin da sauran ba su sani ba, ni ne na ciki. Na auna biyun, na zaɓa. An yi cinikin da sauri ne kawai, amma ciniki ne: na sayar da rufin asirin aminina a kan dariyar mutum biyu.

Kuma na yaudari kaina da cewa ai ban faɗi komai ba, hannunka mai sanda kawai na yi. Wannan ma wauta ce. Cikakken bayani yakan tsaya inda aka ajiye shi, amma rabin magana tafiya take yi, don duk wanda ya ji ta sai ya nemi wanda zai cika masa sauran.

Haka kuwa aka yi. Ɗaya daga cikin waɗanda ke wurin ya koma gida ya tambayi matarsa, ba da wata mugun nufi ba, ko ta ji wane ya sami matsala a wurin aiki, don ita ƙawar matar aminina ce. Ita kuma ta ga ai abin jaje ne, ta ɗauki waya. Kwana huɗu bayan maganata, mace mai ciki wata takwas ta amsa waya ta ji ana ce mata, "Ashe abin da ya sami maigidan ke nan? Allah ya mayar da alheri." Ba ta san a kan me ake mata jaje ba. A daren nan a asibiti ta kwana, jininta ya hau. Allah ya taƙaita, ita da abin da ke cikinta suka tsira, amma wannan ba da wayona ba ne.

Rantsuwar

A nan ne ainihin lamarin yake, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Washegari da dare ya kira ni. Muryarsa a dushe. Ya ba ni labarin abin da ya faru, sannan ya ce, "Don Allah kar ka ji komai, tambaya ce kawai. Ka faɗa wa wani?"

Na ce, "Wallahi ban faɗa wa kowa an sallame ka ba."

A duba yadda na gina jimlar. Kowace kalma a cikinta gaskiya ce, ban taɓa furta kalmar sallama ba. Na tsara ta ne yadda in an kama ni zan sami ƙofar fita, kuma na haɗa da sunan Allah don ta zauna daram. Wanda ya iya tsara irin wannan jimla cikin daƙiƙa ɗaya ba ruɗewa ya yi ba, ya san sarai abin da yake yi.

Sai ya ce, "Na sani. Ka yafe ni da na ma tambaya." Shi ne ya ba ni haƙuri.

Kwana goma sha tara aka yi a haka. A cikinsu ya ɗora zargi a kan wani tsohon abokin aikinsa, har ya daina amsa gaisuwarsa. Ya fara shakkar ƙaninsa, wanda ya taɓa ganin motarsa a bakin ɗakin karatu da hantsi. Ni kuma ina gefensa. Sau biyu muka zauna yana lissafa waɗanda za su iya yin wannan aiki, ina gyaɗa kai, har da cewa, "Mutane ai sai a hankali." Kullum in na kwanta sai in ce gobe zan faɗa masa, kullum gobe sai ta fi jiya wuya, don yanzu ba katoɓara kaɗai zan amsa ba, har da rantsuwa, har da zaman da na yi ina taya shi zargin bayin Allah.

Ƙarshe wanda ya kai maganar gida ne ya je ba shi haƙuri a kan wayar da matarsa ta yi, ya ce masa cikin rashin sani, "Ni fa na ɗauka kowa ya sani, tunda a bakin amininka muka ji."

Ya zo ya same ni. Bai ɗaga murya ba, da ma ba halinsa ba ne. Ya ƙi zama. Ya ce, "Da a daren nan ka ce mini bakinka ne ya kufce, da na zage ka son raina, da safe mu ci gaba. Na san bakinka shekara goma sha huɗu. Amma ka zauna kana taya ni neman ɓarawo alhali kayan suna aljihunka." Ya juya ya tafi.

Daga baya na ci karo da wani bincike da Maurice Schweitzer da abokan aikinsa biyu na Jami'ar Pennsylvania suka wallafa a 2006, sai na ga kamar labarina suka auna. Sun sa mutane wani wasa na kuɗi inda kake miƙa wa wani abin hannunka bisa yardar zai dawo maka da rabonka. Aka shirya abokin wasan ya ci amana a farkon wasan, sannan ya gyara hali. Abin da suka gani shi ne yardar da aka ɓata da mugun aiki tana iya dawowa in mutum ya ci gaba da nuna gaskiya a aikace, kuma alƙawarin gyarawa yana hanzarta dawowarta. Amma in an haɗa mugun aikin da yaudara, yardar ba ta komawa yadda take, ko da an yi alƙawari, ko da an gyara hali.

Dalilin a fili yake in mutum ya yi tunani. Katoɓarata ta gaya masa abu ɗaya a kaina: bakina ba shi da linzami. Wannan aibi ne mai iyaka, ana iya zama da mai shi, sai dai a rage abin da ake faɗa masa. Rantsuwar kuwa ta gaya masa cewa in na shiga matsi zan iya kallonsa in tsara masa magana. To da me ake gyara ɓaraka tsakanin mutum biyu in ba da magana ba? Ban haƙuri magana ce, bayani magana ce, alƙawari magana ce. Na ɓata abu, sannan na karya kayan gyaran.

Ban haƙurin farko, wanda ya ƙara ɓata lamari

Bayan kwana biyu na tura masa dogon saƙo ta waya. Har yanzu yana nan ban goge ba, nakan karanta in na ji kaina ya fara kumbura. Zuciyar saƙon ita ce: "Idan abin da na faɗa ya ɓata maka rai ka yi haƙuri. Ka san halina, wasa ne ya zo da tsautsayi. Kuma ka tuna ba ka ce kar in faɗa ba. Ko ba daɗe ko ba jima dama za ta sani."

A lokacin na ɗauka na ƙasƙantar da kai matuƙa. Yanzu in na karanta, takardar kare kai ce aka yi wa rawani da kalmar haƙuri. "Idan" ɗin farko ya mayar da ɓacin ransa abin shakka, mutumin da matarsa ta kwana a asibiti. "Ka san halina" na nufin laifinka ne da ka yarda da ni. "Tsautsayi" ya miƙa laifin ga ƙaddara. Jimlar ƙarshe kuwa cewa take yi taimakonsa ma na yi. Rantsuwar, wadda ita ce ta kawo shi ƙofata, ko sau ɗaya ban ambace ta ba.

Roy Baumeister da abokan aikinsa sun yi wani nazari a 1990 inda suka sa mutane su rubuta labari biyu: lokacin da suka ɓata wa wani rai, da lokacin da wani ya ɓata musu. Mutum ɗaya ne ke rubuta duka biyun, amma salon ya bambanta. In shi ne mai laifi, abin yakan zama ƙarami, mai dalili, wanda ya riga ya wuce. In shi aka yi wa, abin yakan zama marar hujja, mai dogon tarihi, wanda illarsa ke nan har yanzu. Hausawa sun riga su da cewa laifi tudu ne. A ma'aunina abin da na yi kalma bakwai ne a cikin daƙiƙa uku. A ma'auninsa dare ne a bakin gadon asibiti, da matar da ta daina kallon idonsa, da abokin aikin da ya yanke wa gaisuwa a banza. Ni ina auna niyyata, shi yana auna abin da ya same shi, kuma nasa ma'aunin ne na gaskiya, don shi ya biya.

Bai amsa saƙon ba. Sai na ƙara wani kuskuren: na tura abokanmu biyu su ba shi baki. Wannan ya sa dole aka sake buɗe musu labarin tun daga farko, wato na sake watsa asirinsa da sunan neman sulhu. Ya kuma juya lamarin, yanzu ni ne mai neman zaman lafiya, shi ne mai taurin kai. Na lura mutane sun fi son matsa wa wanda aka cuta ya yi haƙuri fiye da matsa wa wanda ya yi cutar ya gyara, don na farkon ya fi sauƙi, kuma an fi saurin tashi daga zaman. Ya karɓe su da mutunci, ya ce ba komai, ya wuce. "Ba komai" irin wadda kowa ya san akwai komai.

Ban haƙuri na biyu

Wata uku muka yi ba ma magana sai gaisuwar haɗuwa. Aka yi haihuwa, na je barka kamar baƙo, na fito kamar baƙo.

Matata ce ta warware mini. Na nuna mata saƙon ina ƙorafin na ba da haƙuri an ƙi karɓa. Ta karanta har ƙarshe, ta miƙo mini wayar, ta ce, "Nuna mini inda ka ce kai ka yi." Na duba sama da ƙasa. Babu.

Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2016 da mutum 755. Sun rarraba ban haƙuri gida shida: nuna nadama, bayanin abin da ya faru, amsa laifi, alƙawarin ba za a sake ba, tayin gyara ɓarnar, da roƙon yafiya. Wanda ya fi nauyi a wurin masu saurare shi ne amsa laifi, sai tayin gyara. Wanda ya fi rashin nauyi shi ne roƙon yafiya. Saƙona kuwa roƙon yafiya ne zalla, an yi masa ado da uzuri. Na ba da mafi arha, na riƙe masu tsadar.

Na kira shi na ce ina son minti goma, in ya ƙi ba zan sake damunsa ba. Ya ce in zo. A tsaye a ƙofar gida na faɗa masa, ba kwana-kwana: ni na yi maganar, na san sirri ne lokacin da na yi ta, don a yi dariya na yi. Da ka tambaye ni na tsara rantsuwa don in yaudare ka. Na bar ka kana zargin mutum biyu alhali na san gaskiya. Ban ce wasa ba ne, ban ce tsautsayi ba ne. Sannan na tambaye shi abin da ban taɓa tambaya ba a wata ukun nan: me abin ya jawo maka?

Ya yi magana kusan awa ɗaya. Yawancin abin da ya faɗa ban san shi ba, don ban taɓa nema ba. Ɗaya daga cikin wuraren da ya soke da biro a nan yake.

Ban roƙi yafiya a ranar ba, da gangan. Roƙon yafiya a irin wannan lokaci wani aiki ne kake ɗora wa wanda ka cuta, ka bar shi da zaɓin ko ya yafe kafin ya shirya ko ya zama marar tausayi. Abin da na ce shi ne akwai mutanen da zan je wurinsu, in ya amince. Na je wurin tsohon abokin aikin nasa na gaya masa dalilin da ya sa aka daina amsa gaisuwarsa, da cewa ni ne sila. Na je wurin ƙaninsa. Na samu mutum biyar ɗin da ke zaune a ranar, ɗaya bayan ɗaya, na ce abin da na yi cin amana ne, kuma maganar da ake yi cewa wane ya cika riƙo a daina, ni na jawo. Wannan zagayen ya fi tsayuwar ƙofar gida ciwo, don a nan ne sunana na mai ban dariya ya koma wani suna.

Na ƙarshe ita ce matarsa. Ta saurare ni da jaririya a kafaɗa, ta ce, "Yaya, ɓoye mini da ya yi tsakanina da shi ne, mun gama wannan. Abin da ban manta ba shi ne a waya na ji, a bakin wata, tana tausaya mini. Kai ka zaɓa mini ranar da zan sani da bakin da zan ji."

Wannan jimla tata ta fi duk abin da na karanta bayyana ɓarnar. Wata masaniyar sadarwa, Sandra Petronio, ta gina nazarinta a kan cewa mutane suna ɗaukar sirrinsu a matsayin mallaka, kuma wanda aka faɗa wa ya zama abokin tarayya a cikin mallakar, da sharuɗɗan da sau da yawa ba a furta su. Rikici yakan tashi ne in abokin tarayya ya yi abin da ya ga dama da kayan da ba nasa kaɗai ba. Abin da na ƙwace wa aminina ba labarin ba ne, don gaskiya ne wata rana za ta sani. Ikon zaɓar lokaci da wuri da kalmomi na ƙwace, wanda shi kaɗai ya rage masa a hannu bayan an karɓe aikinsa.

Bayan nan

Da na fara sa wa bakina ido, sai na gano ba wannan ne karo na farko ba, shi ne dai na farko da ya fashe. Rabin labaran da nake ba da dariya da su na mutanen da ba sa wurin ne. Na kuma lura da wani abu mai ɗaci: waɗanda suka fi kowa dariya a zamana su ne ba su taɓa kawo mini damuwarsu ba. Sun daɗe da yi mini hisabi, ni ne ban sani ba. Aminina kaɗai ya yi kasadar, don ya ɗauka shi daban ne.

Abin da na canza ba shi da yawa. In wani ya faɗa mini abu mai nauyi nakan tambaye shi nan take wa da wa suka sani. In ana hirar wanda ba ya nan kuma na san wani abu a kansa, nakan yi shiru gaba ɗaya, don na gane ba ni da gwanintar faɗin rabi. An ce na rage daɗin zama, kuma gaskiya ne.

Ban warke sarai ba. Bayan kamar shekara guda na sake yin irinta da wata 'yar'uwata, na ambaci wata shawara da take yi a gaban wanda bai kamata ya ji ba. Amma a wannan karon kafin awa ɗaya na kira ta na ce ga abin da na faɗa, ga wanda ya ji, ki san yadda za ki yi kafin ya iso gare ki. Ta wanke ni tas, ta kashe waya. Bayan kwana uku ta kira tana tambayata wani abu dabam. Lamari ɗaya ba hujja ba ne, kuma nauyin sirrin bai kai na farko ba, amma abin da aminina ya ce zai faru da na yi gaskiya a daren nan, shi ne ya faru a nan.

Shi kuwa ya sami aiki wata biyar bayan sallamar. A bakin wani na ji, rana ɗaya da kowa. Mun koma zama tare, muna ziyartar juna, 'yarsa tana ce mini Baba. Ranar da ya ce ya yafe, a tsakiyar wata hira ce dabam, ya faɗa sau ɗaya bai sake ba. Wanda ya gan mu yau ba zai ce an taɓa samun komai ba.

Kwanakin baya ya sake rage mini hanya. Da muka iso ya kashe mota, ya yi shiru, irin shirun da na sani. Ya ɗaga ido ya dubi madubi, ya waiga baya. Na riƙe numfashi. Ya buɗe baki, ya rufe, ya ɗan buga sitiyari da yatsa.

"Bar shi dai," ya ce. "Wani lokaci."

Na ce to. Ban tambaya ba. Ya tayar da mota, na sauka, na tsaya a bakin hanya har fitilunsa suka sha kwana.